Wayoyi uku masu ruwan ɗorawa

Assalamu alaikum Maigida. Ina gaisuwa, ya iyali, ya yaran gareji? Ka tambaya ko hannuna na taɓa sifana tun da na zo Ingila, to ga labari.

Da na samu aikin dare a wani sito a bayan garin Bamingam, na sayi tsohon babur ɗan Jafan, ƙirar 1994, mai silinda huɗu. Sati uku ina hawa lafiya lau. Ran nan na tsaya a danja sai na ji ƙaurin roba, hasken fitila ya dushe, washegari batir ya kwanta. Na cire kujera, na bi wayoyi ukun nan masu ruwan ɗorawa da ke fitowa daga kwayil mai samar da wuta zuwa raktifaya mai daidaita ta kafin ta shiga batir. Soket ɗin da ya haɗa su ya yi baƙi ƙirin, gefe guda ya narke kamar an ɗora shi a garwashi, ƙarafunan ciki duk sun yi kore.

Na kira wani gareji. A nan ba a turo babur a ce "Oga duba min". Rana ake ba ka, ni kwana tara aka yanka min, kuma da awa ake lissafin kuɗin aiki ko da dubawa ce kawai. Mutumin ya yi min magana da mutunci, amma tun a waya ya gama yanke hukunci: sabon kwayil, sabuwar raktifaya. Mai naɗa kwayil a bakin titi irin na Fanteka babu shi, sai dai a aika wa ƙwararru ta gidan waya. Wallahi a lokacin na yi kewarka.

Sai na sayi mitar auna wuta na durƙusa da kaina. Na raba soket, na tayar da inji, na auna wayoyin bibbiyu, inji na juyi 5,000 a minti: kowanne ya haura bolt 50, kuma kansu ɗaya. Babu wadda ta taɓa bodi. Ashe kwayil lafiyarsa ƙalau, soket ne mai laifi. Da hunturu gishiri suke watsawa a titi saboda ƙanƙara, ruwan gishirin ya shiga soket ya ci ƙarfe. Ƙarfe in ya yi tsatsa wuta ba ta wucewa sai da ƙyar, wurin ya yi zafi, zafin ya saki bakin ƙarfen, ya ƙara zafi. Ga shi waɗannan wayoyi ba fiyus a kansu, kuma tsohuwar raktifaya ba ta rage wa kwayil aiki, rarar wutar zafi take mayar da ita.

Na yanke soket ɗin har inda jan ƙarfe ke ƙyalli, na liƙe da darma, na rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta, na goge wayar at, wato wadda ke haɗe da bodi. Yanzu batir na nuna bolt 14.2.

Kaya kam, gaskiya sun fi mu. Ka sa lambar babur a intanet, kwana biyu an kawo maka har ƙofa, kaurin waya daidai da abin da aka rubuta, in bai yi ba ka mayar a ba ka kuɗinka. Har raktifaya irin ta MOSFET, wadda ba ta zafi sosai, na gani, ina tara kuɗinta.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai, kuma ka gafarce ni. Murɗa waya da muke yi mu naɗe da salatif, ita ce wannan cutar dai, mu da hannunmu muke dasa ta. Na tuna 'yan acaɓa nawa suka dawo mana batir na mutuwa muka ce jabu ne. Akwai mai zuwa gida bayan Sallah, zan ba shi mita biyu da abin matse kan waya. Don Allah a fara koya wa ƙananan yaran aunawa kafin su kwance komai.

A gaida Hajiya.