Shagon buga takardu na bakin kasuwar Ringim

Duk ɗalibin adabi da ke zaune a ƙauyukan Ringim ya san wahalar samun littattafan falsafar Faransa. Ni ina koyarwa a firamare, ina kuma karatun digiri na biyu, sai wannan shago ya zame mini gata.

A nan na buga babobin Jak Derida, wanda aka haifa a Aljeriya a 1930, ya rasu a Faris a 2004. Littafinsa na 1967 kan rubutu wuyar sha'ani gare shi. Yana nuna yadda masanan Turai, tun daga Aflatun har zuwa Ruso, suka fifita magana a kan rubutu, sannan ya warware hujjojinsu a hankali har ka ga ashe sun jingina da rubutun da suke rainawa. Irin wannan karatu sai da biro a hannu, kana ja kana komawa baya. Shi ya sa na yaba wa yaron shagon. Na ce, "Ƙanena, bar mini fili a gefe," ya bari a kowane shafi, ya ɗinke da zare mai ƙarfi.

Farashinsu da sauƙi. Sai dai tawadar kan dusashe idan suna kan janareto, gara ku je lokacin da aka kawo wuta.