Kickstarter ko Patreon: wanne ya dace da mai fasaha?

Mawaƙa da masu zane sun ishe ni da wannan tambaya. Dukansu shafukan intanet ne na tara wa mai fasaha kuɗi daga jama'a. Kickstarter, da aka buɗe a 2009, kamar gudunmawar biki yake: ka faɗi kuɗin da kake nema da wa'adi, in ba su cika ba, ko sisi ba ka gani. In sun cika, a cire kashi 5 cikin ɗari, ban da ladan biya da katin banki. Amma fa yana jawo sababbin idanu.

Patreon kuwa, na 2013, wata-wata masoya ke biya, kaɗan-kaɗan. Ka yi shiru wata biyu, su fara zamewa.

Mai faifai ɗaya ko littafin zane, Kickstarter. Mai fitar da aiki kowane mako da mabiya a hannu, Patreon ne nasa.