Akwatin da ya bi masu shi har ƙofar gida

Assalamu alaikum 'yan majalisa. Ina gajiya, yaya ruwa? Da fatan gero ya fid da kai. Nan Mancesta ta Ingila hutun da suke kira na bazara ya ƙare, wanda a wajenku tsakiyar damina ne: mako shida, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba. Waɗanda suka kai yara ganin kakanni duk sun dawo, yaran bakinsu ya buɗe da Hausa, iyayen kuma aljihu fayau, don tikitin wannan lokaci tashin gwauron zabi yake yi.

Zancen da ya cika bakin mutanenmu bayan Juma'a shi ne na akwatin wani maƙwabcinmu, magidanci da uwargidansa da yara uku. Daga Kano babu jirgin da ke zuwa nan kai tsaye, sai an yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa ko Doha. Sun sauka, akwatuna tara sun fito, na goma shiru. A cikinsa kuwa ɗinkunan uwargida na biki suke, da takalman makarantar yara, da tsaraba. Maigidan ya yi salati ya sallama, don a saninsa abin da ya ɓata a filin jirgi sai dai Allah ya mayar da alheri. Kwana uku bayan nan sai ga mota a ƙofar gida, direba ya sauke akwati, ya ce a sa hannu, ya ja motarsa. Ba na goro, ba na mai. Har yanzu maigidan mamaki yake.

Ba mutunci ba ne, kuma ba don sun san shi ba ne. Doka ce, yarjejeniyar Montreal ta 1999 da ƙasashe suka ƙulla, wadda ta ɗora wa kamfanin jirgi alhakin kayan fasinja, kuma akwai yadda ake bin ta.

Abin da komai ya rataya a kansa shi ne 'yar takardar nan mai lambobi goma da ake manna maka a bayan katin shiga jirgi lokacin auna kaya. Mutanenmu da sun zauna a kujera sai su yar da ita, ko yaro ya ɓare ta yana wasa. Ita ce shaidarka. In kaya bai fito ba, kada ka kuskura ka bar zauren ɗaukar kaya, duk gajiyarka, duk kukan yara. Akwai teburin cigiya a cikin zauren. Za su cike maka takardar da ake kira PIR, su ba ka lamba mai haruffa biyar da alƙaluma biyar, da ita kake bibiya a intanet ta manhajar WorldTracer. Za su tambayi launi da girma da irin akwatin. A nan ake raba gari, domin “baƙi ne babba” ba kwatance ba ne, rabin akwatunan duniya baƙaƙe ne manya. Ka ɗauki hoton kowane akwati da waya tun a Kano, ciki da waje. Kuma kamfanin da ya sauke ka a zangon ƙarshe shi za ka riƙe, ko da a zangon farko aka yi sakacin.

Kafin kayan ya iso, abin da ya zama dole ka saya, kamar sabulu, kayan sawa, takalmin yaro, ka saya daidai misali ka ajiye rasit, za su biya. Ban da shadda mai tsada. Rasit ɗin nan shi ne ciwonmu, mun saba ciniki da baki da amana, ga shi nan amana ba ta shiga kwamfuta. In akwati ya zo a fashe, kwana 7 kake da shi ka kai ƙara a rubuce. In jinkiri ya yi, kwana 21 daga ranar da ya shigo hannunka. In kuwa ya kwana 21 bai bayyana ba, an ɗauke shi ɓatacce, sai maganar diyya. Diyyar tana da iyaka, fam 1,500 da ɗan wani abu, kuma a kan kowane fasinja ake lissafi, ba a kan kowace jaka ba. Saboda haka Hajiya, sarƙar gwal da kuɗi da magani da fasfo, jakar hannu.

Galibi abu uku ke kawo ɓatan. Ko zango ya yi gajarta, mutum ya ruga ya kama jirgi na biyu kayansa bai kama ba. Ko tsohuwar takardar tafiyar bara tana nan a hannun akwati, na'ura ta karanta ta ta tura kaya wani gari. Ko kuma jakar ganamasgo da aka ɗaure da igiya tamau kamar za a ɗora a bayan a-kori-kura, igiyar ta sarƙe a bel, zif ya ɓalle. Wasu kamfanonin ma yanzu ba sa karɓar ta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne Najeriya ma tana cikin wannan yarjejeniya. Haƙƙin da fasinja yake da shi a nan, yana da shi a can. Amma wa ya taɓa nema? Kaya ya ɓata, sai a shiga neman wanda ya san wani a filin jirgi, a yi ta kiran waya, a kai goro, ƙarshe a ce a yi haƙuri ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta hana cike takarda ba.

To kada ku ce nan aljanna ce. Da uwargida ta buɗe akwatin, kilishi babu, man shanu babu, sai takarda a madadinsu. Doka ta hana shigo da nama da duk abin da aka yi da madara daga ƙasashenmu: kilishi, dambun nama, man shanu, cuku, duk ɗaya. Sa'arsu cirewa kawai aka yi, don tarar tana iya kaiwa fam 5,000. Abin haushin, busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20 ga mutum ɗaya, zuma kilo 2. Kilishin da tsohuwa ta aika aka yo takanas don jikokinta, ta naɗe da hannunta, ya tafi bola. Wannan ya fi ɓatan akwatin ciwo. Ana samun wani abu mai suna kilishi a shagunan 'yan Afirka a nan, amma wanda ya san na Agadasawa ba zai kira shi da sunan ba.

Ba su gama jimamin wannan ba sai ga wasiƙa daga ƙaramar hukuma. Sun ƙara mako guda a gida saboda bikin ƙanwar uwargida, yara suka rasa kwana biyar na makaranta ba da izini ba. A Ingila tun Agustan 2024 tarar fam 80 ce, a kan kowane yaro, kuma uba daban uwa daban. Ku lissafa: yara uku, iyaye biyu, fam 480. In aka wuce kwana 21 ba a biya ba ta zama 960. Maigidan ya je ya yi wa shugabar makaranta bayanin kamu da ɗaurin aure da kai amarya, da cewa ba a barin biki a tsakiya. Ta saurare shi da fara'a har ya gama, ta yi wa amarya fatan alheri, tara kuwa tana nan daram. A gida yaro ya yi mako biyu a biki malam ma ba zai tambaya ba, wataƙila shi ma yana wajen.

A gaida Malam da Alhaji Babba, a yi wa masu jego barka. Duk wanda zai zo a Disamba ya riƙo mana busasshen kifi da zuma. Kilishin ku ci a madadinmu.