Ƙaramin injin juya katako ɗan Sin: ƙarfen nagari ne, amma ka tanadi kuɗin cizal daban

Injin da zan yi magana a kansa ba shi da wani suna guda da zan ce a je a tambaya da shi. Irin ƙananan injinan juya katakon nan ne da ake ƙerawa a ƙasar Sin, kowane ɗan kasuwa ya sa a yi masa fentinsa a manna masa sunansa, amma gangar jikin ɗaya ce. Nawa na same shi ne ta hannun wani mai sayar da kayan kafintoci a nan Kano, sabo dal a kwali. Ni ba kafinta ba ne. Aikin ofis nake yi, sai ranakun Asabar da Lahadi in shiga ɗan ɗakin da ke bayan gidana in yi ta fama da katako, don raina yana so. Damina biyu da hunturu biyu sun wuce yana hannuna, shi ya sa nake ganin na isa in faɗi abin da na gani.

Yana iya juya katakon da faɗinsa ya kai inci 10, tsawonsa kuma inci 18. Motonsa na wat 370 ne, wato ƙarfin rabin doki. Gadonsa da kansa (ɓangaren da ke juya katakon) da wutsiyarsa (mai tokare ɗaya ƙarshen katakon) duk zubin ƙarfe ne, nauyinsa ya haura kilo 30, kuma wannan nauyin shi ne babban abin da ya sa nake yabonsa. Akwai wasu da suka fi shi araha waɗanda aka yi gadonsu da bututu ko lanƙwasasshen farantin ƙarfe. Na taɓa gwada irinsu a shagon wani abokina, da zarar cizal ya taɓa katako sai ka ji injin gaba ɗaya yana rawa, rawar kuma tana fitowa a jikin aikin layi-layi. Nawa na ɗaure shi da noti huɗu a kan benci mai kauri, na aza buhun yashi a ƙasan bencin, tun daga nan bai sake motsi ba.

Ya zo shafe da wani maiƙo mai kauri na hana tsatsa, kananzir da tsumma suka fitar da shi. Abin da na fara dubawa shi ne ko tsinin kai da tsinin wutsiya suna haɗuwa idan an turo wutsiyar gaba. Sun haɗu baki da baki. Ga injin da ke wannan farashi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin in suka saɓa, duk ramin da ka huda a doguwar sanda zai karkace.

Inda na fi samun damuwa da shi shi ne gudu. Matakin gudu biyar gare shi, kuma ba da maɓalli ake canzawa ba. Sai ka kashe, ka buɗe murfi biyu, ka sassauta moto, ka matsar da bel da hannu. Wannan ba ya damuna, mutum yana sabawa. Abin da ke damuna shi ne mafi ƙarancin gudunsa ya kai wajen juyi 650 a minti. Masu wannan aiki suna da wani lissafi da suke bi: ka ninka faɗin katakon a inci da yawan juyi a minti, abin da ya fito ya tsaya tsakanin 6,000 da 9,000. Kwano mai inci 10 ke nan yana son juyi 600 zuwa 900. A takarda sai ka ce ai injin ya isa. Amma lissafin na katakon da ya riga ya zama da'ira ne, nauyinsa ya daidaita ko'ina. Ɗanyen gungumen da aka sara da gatari, gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, in ka ɗora shi a 650 za ka ji bencin yana son tashi. Ba abin wasa ba ne, katako mai nauyin kilo uku in ya kuɓuce a wannan gudun zai iya fasa fuskar mutum. Don haka duk abin da ya wuce inci 7 ko 8, sai na zagaye shi da zarto da gizago tukuna, in tokare shi da wutsiya, in kuma kauce gefe lokacin kunnawa. Garkuwar fuska kuwa ba na cire ta. Manyan injuna irin su Jet JWL-1221VS suna saukowa har juyi 60 a minti, ana kuma daidaita gudunsu da murɗa maɓalli, amma kuɗinsu ya ninka na wannan sau da yawa kafin ma a yi maganar jigila da kwastan.

Maganar wuta kuma, kowa ya san halin da muke ciki. Nawa na bolt 230 ne, ya dace da wutarmu. Wanda zai sayi na hannu da aka kawo daga Amurka ya duba farantin da ke jikin moton, don galibinsu na bolt 110 zuwa 120 ne, sai da taransfoma, kuma an yi su ne don wuta mai hez 60 (yawan kai-komon wutar a daƙiƙa), tamu kuwa 50 ce, saboda haka gudun zai ragu da kashi ɗaya cikin shida. Ƙaramin janareta irin na masu shagon caji yana nishi wajen tayar da shi, domin irin wannan moto yana jan wuta ninkin-ba-ninkin a daƙiƙar farko. Da janareta mai kilowat biyu lafiya lau yake tashi. In wuta ta zo da rauni, fitila tana ja-ja, kada ka kunna shi. Moton zai yi zafi ya ƙone.

Sai cizal. A cikin kwalin akwai guda biyar da aka haɗo a matsayin kyauta, kuma shawarata ita ce a ajiye su gefe. Ƙarfensu ba ya riƙe kaifi. A kan malaina ko ɗanyen mangwaro suna ɗan taɓukawa, amma a kan ƙirya ko tsamiya kafin ka gama zagaye guda sun dakushe, sun koma kankara maimakon yanka. In ka kai su injin washi kuma bakin ya yi shuɗi don zafi, shi ke nan taurin wurin ya tafi. Abin da ake buƙata shi ne ƙarfen da ake rubuta wa HSS a jiki, wanda zafin washi ba ya kashe shi. Uku sun ishi mai farawa: babban mai kwarmi na zagaye sanda, siririn mai kwarmi mai zurfi na cikin kwano, da mai tsini na yankewa. Ina roƙon duk wanda zai fara, kada ya kuskura ya sa babban mai kwarmin nan a jikin kwano. Wuyansa da ke shiga ƙota siriri ne, in katako ya cafke shi karyewa yake yi, kuma hannunka da fuskarka ne a kusa.

Injin bai zo da cak ba, wato abin nan mai haƙora huɗu da ke damƙe gindin kwano. Faifan ƙarfe kawai ya zo da shi, wanda ake ɗaure katako a jiki da sukuru. Ana iya aiki da faifan, amma cak yana sauƙaƙa rayuwa ƙwarai. Kafin ka yi odarsa ka auna zaren bakin injinka. Nawa inci 1 ne mai zare 8 a kowane inci, wasu kuma na Turai M33 ne, ba sa shiga juna. Da na haɗa kuɗin cak, da cizal uku, da injin washi, da garkuwar fuska, sai na ga sun kusa kamo kuɗin injin kansa. Mai shago ba zai gaya maka wannan ba, ba don mugunta ba, sau da yawa shi ma bai taɓa kunna injin ba.

Ƙananan aibobi: hannuwan ɗaurewa na roba ne, biyu sun fashe, wani mai walda ya yi mini na ƙarfe. Majinginin cizal ƙarfensa mai laushi ne, yana yin tabo, sai ka riƙa bin sa da magagari kana goga masa kyandir. Boris ɗinsa kuwa irin na gama-gari ne, lambarsu tana jikinsu, ana samu a Ƙofar Ruwa. Bel ne mai wuyar samu, ka nemi na ajiya tun ranar saye.

Katako ba na wahalar samu. A 'Yan Katako na Na'ibawa ina sayen guntayen da suka rage wa masu yanka, wajen masu itacen girki kuma nake tsintar abin da ya fi kyau. Darbejiya ta ba ni mamaki. Muna ganinta a kowane titi muna raina ta, alhali dangin maɗaci ce, cikinta ja-ja ne, in ta sha mai sai ka rantse katakon waje ne. Sai dai zarenta a sarƙe yake, tana son cizal mai kaifi sosai, in ba haka ba ta riƙa tsagewa. Maɗaci ya fi kowanne daɗin yanka, amma ƙurarsa tana da ɗaci har maƙogwaro, tana sa atishawa da ƙaiƙayi, dole sai da takunkumi na kirki. Ƙirya, wadda ake turmi da ita, maƙera kuma suke son gawayinta, tana nuna iyakar ƙarfin moton nan: in ka danna da yawa sai ya tsaya cak. A hankali ake bin ta, amma ƙyallin da take bayarwa ba na biyunsa. Madobiya kuwa ina da guntaye kaɗan da na samu daga wata tsohuwar kujera, kuma ba na neman sabuwa. An sare ta ba ji ba gani ana lodinta zuwa Sin, har a 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu. Abin yana ci mini rai, domin dazuzzukan da aka kwashe ba za su dawo a zamaninmu ba.

Hunturu shi ne babban abokin gabar mai kwano. Iska tana bushewa ƙarau, ɗanyen katako ya tsage cikin dare ɗaya. Yadda nake yi, in fafe kwanon tun yana ɗanye in bar kaurin bangonsa kamar kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa, in shafe inda zaren katakon ya ƙare da farin gam na kafinta, in tura shi cikin kwali tare da dusarsa. Bayan wasu watanni zai bushe ya ɗan karkace, sai in mayar da shi kan injin in daidaita. Injin yana yin wannan zagaye na biyu da kyau sosai, a nan ne ma gudun nasa yake zama alheri.

Wajen gamawa kuwa ba ni da abin cewa sai yabo. A matakin gudu na sama, ƙananan abubuwa irin su ƙotar wuƙa, marfin kwalbar turare da 'ya'yan carbi suna fitowa sumul. Ina bin samfefa daki-daki, 120, 180, 240, 320, ba na tsallake lamba, kuma ina rage gudu lokacin gogewa don zafi yana sa bakin katako ya yi 'yan tsage-tsage. Abin ado ina sa masa shelak, wani ƙaro mai sa katako ƙyalli, da aka narkar a sifirit, in ɗiga a ɗan ƙyalle in danna yana juyawa, zafin gugar ya busar da shi nan take. Kada a naɗe ƙyallen a yatsa, in injin ya kama shi da yatsan zai tafi. Abin da za a ci abinci a ciki kuwa kakin zuma nake narkarwa, kashi ɗaya, da kashi huɗu na farin man farafin da ake sayarwa a kemis. Man gyaɗa yana kyau a ranar farko, amma ba ya bushewa, daga baya kwanon ya ɗauki wari. Kakin zuma kuma yana narkewa a wajen digiri 63, don haka abin da aka bari a mota a zafin Afrilu zai dusashe, sai an sake gogewa. Mai amfani da dafaffen man linsid ya sani, tsumman da ya jiƙe da shi in aka dunƙule aka jefar a kwana yana iya kamawa da wuta da kansa. A shanya shi a fili ko a tsoma a ruwa.

Akwai wani dattijo masassaƙi da ke kawo akussa kasuwar Kurmi, na kai masa wani kwanon darbejiya ya gani. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce, “Malam, ya yi santsi, amma wannan na cin goro ne, ba na tuwon gida ba.” Na ce, “Baba, iyakar abin da injin zai ɗauka ke nan.” Gaskiya ya faɗa. Akushin da iyali za su kewaye ya fi ƙarfin inci 10, kuma shi da gizagonsa yana fafe wanda ya ninka haka ba tare da ya jira wuta ba. Wanda burinsa manyan akussa ko ƙafafun gado, wannan injin ba nasa ba ne. Ko ƙafar teburi ta cin abinci, mai kusan inci 29, ba za ta shiga ba sai an ƙara wa gadon tsawo.

Amma ga mai son ƙananan kwanoni, maburgi, ƙotoci, ƙafafun kujerar tsuguno, abin wasan yara, ko wanda yake son ɗansa ya koyi aikin hannu a gabansa, ina ba da shawarar a saya. Uwargida yanzu da maburgin tsamiya da na yi mata take kaɗa miyar kuka, maƙwabta kuma sun fara aiko da saƙo. Ranar saye ka sa a buɗe kwalin a gabanka, ka turo wutsiya ka ga tsini biyun sun haɗu, ka kama bakin injin ka girgiza ka ji ko boris yana wasa, sannan a jona shi ka saurari ƙararsa a mataki na ƙasa da na sama kafin kuɗi su bar hannunka.