Wata goma da makullin yatsa a ƙofarmu ta Aboabo

Yawan ɓatar da mabuɗi ne ya sa na sayi makullin nan. Mu biyar ke shiga ƙofa ɗaya a sashenmu na unguwar Aboabo a Kumasi: ni, maigida, yara biyu da Inna, kuma kusan kowane wata sai an je an yanko sabon mabuɗi. A wani shago a Adum na samo shi. Yana buɗewa da yatsa, da lambar sirri, da kati, da waya, kuma ƙananan batir huɗu yake ci, masu lamba AA.

Mai shagon ya ce batirin zai kai wata takwas. Ko wata biyu bai cika ba jar fitila ta fara ƙiftawa. Na zuba sabo, shi ma haka. Na gama yanke cewa jabu aka sayar mini, har na fara neman rasit.

A watan Yuni ne, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, wani dattijon kafinta ya zo gyaran taga na kai masa ƙara. Ya ce, "Hajiya, rufe ƙofar in ji." Na rufe, sai da na sa kafaɗa, sannan injin cikin makullin ya yi gurnani har sau biyu kafin sakatar ta shiga. Ya ce, "Kin ji ko? Makulli ba shi da laifi. Katakon ne ya sha damina ya kumbura." Ashe da katakon da mutanen nan ke kira wawa aka yi ƙofar, ba katako mai ƙarfi irin odum ba. Na ce masa lallai sunan ya bi shi. Ya ɗaure kusoshin da suka saki, ya ɗan fere gefen ƙofar, ya goge ramin sakata da magagari har ta riƙa shiga sumul. Aikin bai kai minti talatin ba. Duk ƙarfin da injin ke yi yana tura sakatar da ta cije, daga batir yake zuƙo shi, kuma ƙofarmu tana buɗuwa ta rufu sama da sau ashirin a yini. Batirin da na sa ranar ya kai ni tsakiyar hunturu.

Sauran da kaina na koya. Na kashe masa Wi-Fi, domin shi ne na biyu wajen cin batir, balle idan an ɗauke wuta na'urar intanet ta mutu ya yi ta laluben ta. Bluetooth ya ishe ni. Batirin caji kuma ban ƙara sa masa ba: ƙarfinsa volt 1.2 ne, alhali na alkaline 1.5, shi ya sa makullin ke kukan yunwa tun bai ci komai ba. Masu arha da ake sa wa tocila su ma a'a, sukan tsiyaye su bar farin gari a kan ƙarfe. Ina canza huɗun lokaci guda, ba na haɗa tsoho da sabo.

Da ƙurar hunturu ta sauka a Disamba, wurin ɗora yatsa ya fara gardama. Busasshen ƙyalle mai laushi kawai yake so, ban da ruwa, ban da mai. Jiƙaƙƙen yatsa bayan alwala ma ba ya ganewa. Inna kuwa, zanen yatsunta ya shafe saboda shekaru da wanki, ta ce ba ta roƙon ƙofa ta bar ta shiga ɗakin ɗanta. Kati na rataya mata a jikin carbi, aka zauna lafiya.

Zan sake saye, amma sai kafinta ya fara ganin ƙofar. Abin da bai yi mini ba shi ne ƙarar da yake yi da asuba, ko da na rage ta. A ƙasansa akwai ramin USB da ake jona abin cajin waya idan batir ya mutu mutum yana waje; na gwada, yana farkawa nan take. Mabuɗin ƙarfe guda biyu da ya zo da su kuwa, da farko a cikin ɗakin na ajiye su, sai da maigida ya tambaye ni yadda zan ɗauko su in ƙofar ta ƙi. Yanzu ɗaya na jakata, ɗaya na wajen ƙanwata a Asawase.