Kifin da kuɗi ba ya saye a Texas

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Inna da yara da duk mutanen gida suna lafiya. Ka ce in ba ka labarin yadda ake su a nan da irin kayan aikinsu, ko akwai wanda zai yi mana amfani a Yawuri. To tambayar ta zo a kan gaɓa, don kaka ta shigo, zafin Texas ya sauka, kuma a Oktoba da Nuwamba hankalin masu fatsa kan koma kan wani kifi da suke kira crappie.

Inda muke zuwa shi ne Tafkin Sam Rayburn, tafiyar kusan awa uku daga Houston. Kogin Angelina aka datse, aka gama aikin a 1965, shekara uku kafin Kainji. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 460, wato Kainji ya kusa ninka shi uku, amma ko ta ina ka ɓullo za ka tarar da gangaren siminti na saukar da jirgi, da wurin ajiye mota, da banɗaki.

Kifin kamar karfasa yake a siffa, sai dai fari ne mai ɗigo-ɗigon baƙi, naman ba ƙarni. Yawanci ba ya kai rabin kilo. Idan ruwa ya fara sanyi, ƙananan kifayen da yake ci sai su nufi bakin rafukan da ke shiga tafkin, shi kuma ya biyo su, ya taru a jikin itatuwan da suka nutse, zurfin mita huɗu zuwa shida. Shi ya sa mutane ke ɗaure gora da rassa su nutsar da su da bulo, hukumar kula da namun daji ta jihar ma tana nutsar da nata, ta kuma sa taswirar wuraren a intanet kyauta. Cinsa a hankali yake, ɗan motsi kawai za ka ji a yatsa, kuma leɓensa ba ƙwari, in ka fizga da ƙarfi sai ya yage ka dawo da ƙugiya wayam.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, wannan kifi duk kuɗinka ba za ka same shi a kasuwa ba. Doka ta hana sayar da shi, ta hana kama shi da koma ko taru ko birgi. Fatsa kawai. Mutum ɗaya ba zai wuce guda 25 a rana ba, kuma duk wanda bai kai inci 10 ba sai a mayar da shi ruwa. Kowane jirgi da allon awonsa. Ma'aikata suna zagayawa, su buɗe akwatin ƙanƙararka su ƙirga su auna. Lasisin ɗan jiha dala 30 ne a shekara, ana yankarsa a waya ko a babban kantin Walmart, yaron da bai kai 17 ba kuma ba ya biya. Tun 1950 akwai dokar tarayya da ta mayar da harajin kayan fatsa ga jihohi don gyaran ruwa da kiwon 'ya'yan kifi. Wannan tsarin ya shiga raina ƙwarai. Ka fi ni sanin yadda raga mai ƙananan ido ke kwashe 'ya'yan giwan ruwa da ragon ruwa tun ba su kai komai ba. Na san a nan nishaɗi ne, a gida kuwa abincin iyali ne, ba za a ce wa mai 'ya'ya goma ya tsaya a 25 ba. Amma maganar awo, wannan Sarkin Ruwa da masunta za su iya zama a kanta ba sai an jira Abuja ba.

Kaya kam sai wanda ya gani. Ka shiga manyan kantuna irin su Academy ko Bass Pro Shops, layi guda ƙugiyoyi ne zalla, kowace da lambarta, ga zare mai ƙarfi wanda kifi ba ya gani a ruwa, ga ƙoton roba kala-kala. A shagunan bakin tafki ana sayar da ƙananan kifaye masu rai, a ɗebo maka daga tanki, a zuba a leda, a hura mata iska a ɗaure. Akwai kuma wata na'ura ta kamfanin Garmin mai suna LiveScope da ta fito a 2018, tana nuna maka kifin yana iyo a allo, kana kallon ƙotonka yana sauka gabansa. Kuɗinta ya haura dala dubu, ban da allo da batir. Ban ba ka shawararta ba. In ta lalace babu mai gyara a kusa da kai, kuma abin da take nunawa ka riga ka san shi daga kalar ruwa da kaɗawar iska.

Akwai inda gida ya fi nesa ba kusa ba. Ɗanyen kifin da aka fito da shi da asuba, mai tsoka, da kansa da komai, a nan sai dai ka kamo da hannunka. Na shago yawanci na kiwo ne, an fere shi an daskarar, romonsa salam. Busasshen kifin banda kuwa sai shagunan 'yan Afirka, da tsada. Haka gyara: injin jirgi in ya samu matsala, kuɗin aikin makaniki na awa ɗaya yakan wuce dala ɗari, kuma lokacin da ake rububi sai ka bi layi. Irin masu gyaranmu da ke kwance inji a bakin ruwa su tayar da shi kafin la'asar, babu su.

Abu biyu nake so in aiko. Na farko rigar ceto. A nan doka ce kowane mutum a jirgi da tasa, yaron da bai kai 13 ba kuma dole tana jikinsa muddin jirgi na tafiya. Duk lokacin da na ji labarin kifewar jirgi a ruwanmu, ita nake tunawa. Na biyu akwatin ƙanƙara mai kauri, wanda ke riƙe sanyi kwana da kwanaki, don kada dillali ya riƙa karya maka farashi saboda rana ta yi. Zan haɗa da zare da ƙugiyoyi. Ka turo mini yawan yaran da ke fita da kai da shekarunsu, don rigunan da girman jiki ake sayensu, ka kuma tambayi Kawu lambar ƙugiyar da yake sa wa mamarinsa.