Riyal 3,000 a hannu: Ryzen 5 7600 da RTX 3050, ko Ryzen 5 5600 da RX 6600?

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce ka tara riyal 3,000 daga aikin da kake yi a shagon kawunku a Shara Mansur, kana so ka haɗa kwamfutar gem ta farko, kuma wani mai shago a Jidda ya rubuta maka haɗi biyu. Na farko furosesa Ryzen 5 7600 da ram (ƙwaƙwalwar aiki ta wucin gadi) DDR5 da katin RTX 3050 mai 6GB, shi zai lashe kuɗin kaf. Na biyu Ryzen 5 5600 da DDR4 da RX 6600 mai 8GB, shi zai bar maka canji. Abin da kake bugawa FC ne (gem ɗin ƙwallon ƙafa) da Fortnite da PUBG, a allo mai 1080p.

Ni dai na biyun zan ce ka ɗauka, ga kuma dalilina.

A wajen gem, katin hoto ne jakin da ke ɗaukar kaya, wanda masu shago a nan ke kira kart shasha. Furosesa na shirya aiki ya miƙa, kati ne ke zana duk abin da idonka ke gani. To dubi katunan nan biyu. RX 6600 ya fito a 2021, yana da 8GB, hanyar da bayanai ke bi a cikinsa faɗinta bit 128, yana jan wuta wat 132. Shi kuwa RTX 3050 mai 6GB, wanda ya fito a 2024, ba shi ne 3050 na asali ba. Na asalin mai 8GB ne, na 2022. Wannan an rage masa ƙwaƙwalwa, an matse hanyarsa zuwa bit 96, an sauke wutarsa zuwa wat 70, amma aka bar masa sunan yayansa. Kuma ko yayan ma RX 6600 na gaba da shi da tazara, balle ƙanen. Abin da ya fi damuna ke nan da wannan haɗin na farko: yaro ya ga an rubuta RTX a kwali, ya ga furosesa sabo, ya ɗauka ya yi ciniki, sai ya koma gida ya tarar dole ya sauke saitin gem zuwa ƙasa kafin hoto ya daina tsinkewa.

Ba zan tauye wa 3050 haƙƙinsa ba. Ba ya bukatar wayar wuta ta daban, ramin madabod (babban faifan da ake jona dukkan kayan kwamfuta a kansa) kaɗai ya ishe shi, don haka ya dace da mai tsohuwar kwamfutar ofis da yake so ya farfaɗo da ita. Yana da DLSS, fasahar Nvidia da ke ƙara wa gem gudu, kuma masu haska wasansu kai tsaye suna jin daɗin katunan Nvidia. Amma kai daga tushe za ka gina.

A ɓangaren furosesa, gaskiya 7600 ya fi. Dukansu ƙwaya shida ne da zare goma sha biyu, sai dai 7600 ya fi sauri, kuma yana kan soket (mazaunin furosesa a madabod) AM5 da aka fara a 2022, wanda har yanzu ake fitar masa da sababbin furosesa. 5600 yana kan AM4 ne, tun 2016, hanyar ta kusa ƙurewa. Sai dai AM5 ba ya karɓar DDR4 sam, madabod ɗinsa ma ta fi tsada, to kuɗin da ya kamata su tafi kan kati su ne suka tsiyaye a nan. Ka ɗaura wa ingarman doki keken da tayarsa ta lotse, saurin dokin bai amfane ka ba. 5600 kuwa zai ciyar da RX 6600 har ya ƙoshi, in ma ka samu hali nan gaba ka sa RTX 4060 ko RX 7600, zai ɗauka ba gardama.

Ka buɗe ido wajen lambar. 5600 daban, 5600G daban, 5500 daban. Na farkon ma'ajiyarsa ta ciki 32MB ce, sauran biyun 16MB, kuma su a PCIe 3.0 suka tsaya, wato tsohuwar hanyar sadarwa tsakanin kati da furosesa, wadda ba ta kai 4.0 sauri ba. Madabod ka nemi B550, ita ke ba katin PCIe 4.0. Ram kuma ka karɓi guda biyu masu 8GB, gudun 3200, kada ka yarda a ba ka ƙwaya ɗaya mai 16GB a ce duk ɗaya ne. Wurin adana gem kuwa, wato SSD, ka nemi na NVMe, in kuɗi sun kai 1TB, don gem ɗin yanzu ɗaya kan ci fiye da 100GB.

Sai akwatin wuta, fawa saflai. Takardar da aka rubuta maka ba ta faɗi sunan kamfaninsa ba, an dai ce “600W” kawai, kuma wannan ya tsaya min a rai. Haɗina na farko irinsa na saya, mara suna, mara nauyi kamar gwangwanin madara babu komai ciki. Wata na huɗu, da dare ana tsakar zafi, na ji ƙas, sai ƙaurin wayar da ta ƙone ya cika ɗaki. Ya tafi da madabod ɗin, mai shagon kuma ya ce ba shi da hannu tunda ban riƙe fatura ba, wato rasit. Canjin da haɗi na biyu zai bar maka, nan za ka zuba shi: wat 550 mai tambarin 80 Plus Bronze, na kamfani sananne irin Corsair ko Seasonic ko Cooler Master. Ka ɗaga shi da hannunka, ka karanta takardar da ke manne a jikinsa.

Kes, wato akwatin da za a zuba kayan a ciki, ka zaɓi mai raga a gaba, ba mai gilashi rufe ruf ba. Ka san zafin Makka da ƙurarta, kuma ba kullum na'urar sanyaya ɗaki ke kunne ba. Fanka biyu a gaba, ɗaya a baya, ka ɗora shi a kan tebur ba kan kafet ba. Fankar da ke zuwa cikin kwalin 5600 ta wadatar, fitilu masu launi su jira wata shekarar.

Kafin ka biya, ka tambaya ko farashin ya haɗa da dariba, wato harajin sayen kaya, kashi 15 cikin ɗari ba ƙaramin kuɗi ba ne a kan dubu uku. Ka gwada farashin shagon da na shafukan Amazon da noon. In ka leƙa shafin saye da sayarwa na Haraj neman kati na hannu, kada ka miƙa ko sisi sai an kunna shi a gabanka ya yi kamar rabin awa yana gem. Faturar kowane kaya ka ɗauke ta hoto, ka adana kwalayen.

Ranar da ka haɗa, wayar HDMI a jikin katin za ka soka, can ƙasa, ba a ramin madabod ba. 5600 ba shi da hoto na kansa, in ka soka a sama allo baƙi za ka gani ka ɗauka wani abu ya lalace. In za ka shigo Jidda ranar Asabar ka sanar da ni, bayan la'asar sai mu je shagon tare in ga wannan akwatin wutar da idona.